Yadda za a ci cikakkiyar moriyar kwamfutar allo

Tun daga shekarar 2010, lokacin da kamfanin Apple ya fito da iPad, Samsung kuma ya biyo baya da Galaxy Tab, kwamfutar allo, wadda aka fi sani da tablet, ta samu gurbi tsakanin wayar salula da kwamfutar tafi-da-gidanka. Sai dai a gidaje da shaguna da dama amfaninta bai wuce kallon fim da wasan yara ba, alhali kuɗi mai kauri aka zuba wajen sayenta. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci, wannan na'ura tana iya zama littafin lissafi da ma'ajiyar takardu, muddin aka san yadda ake sarrafa ta.

Tun daga wurin saye

Iri biyu ne a kasuwa: mai karɓar layin waya da wadda Wi-Fi kaɗai take amfani da shi. Wanda harkarsa ta yawo ce, mai layi ta fi dacewa da shi. Wanda ke zaune a ofis kuwa, ta biyun ta wadatar, domin yana iya jona ta da intanet ɗin wayarsa idan ya fita.

Sai batun ma'adana. Manhajar da ke tafiyar da na'urar tana cinye wani kaso na gurbin tun kafin a adana komai, don haka mai gigabait 32 kan cika da wuri. Yawancin masu Android suna karɓar katin memori, amma iPad ba ta da wurin sa shi, abin da aka saya da shi za a zauna.

Mai sayen ta hannu ya tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa na Apple ko na Google a gaban idonsa. Idan ba a cire ba, na'urar kan kulle bayan an goge ta, ta ƙi buɗewa sai da kalmar sirrin mai ita na farko.

Ofis a cikin jaka

Abin da ke mayar da kwamfutar allo kayan aiki na gaske shi ne madannai na daban da ake haɗawa ta Bluetooth. Da shi ana iya rubuta wasiƙa ko rahoto a Google Docs ko Microsoft Word cikin sauri. Mai rubutu da Hausa yana iya zaɓar harshen a manhajar Gboard, domin ya samu haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ.

Ga ɗan kasuwa, Google Sheets ko Excel suna maye gurbin littafin bashi. A jera sunan kaya, farashin sari, farashin sayarwa da abin da ya rage, manhajar ta riƙa haɗa jimla da kanta. Littafin takarda idan ya jiƙe ko gobara ta ci shi, shi ke nan; amma lissafin da aka ajiye a asusun intanet yana nan ko da na'urar ta salwanta. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, Apple kuma gigabait 5 a iCloud. Ana kuma iya saita takardun su buɗe ko babu sabis, sai su daidaita da zarar intanet ta dawo.

Kyamarar na'urar ma tana da aiki. Manhajar Google Drive, ko Notes a iPad, tana ɗaukar hoton rasit ko takardar ofis ta mayar da ita PDF, ba sai an je shagon hoton takardu ba. Faɗin fuskarta kuma yana ba da damar raba ta gida biyu, lissafi a gefe guda, saƙon abokin ciniki a ɗaya gefen. WhatsApp yana barin a haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu, saboda haka ba a buƙatar sabon layi.

Tattalin data

Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, tsimi ya zama dole. Bidiyo ne ya fi komai cin data, don haka rage ingancin hoto a YouTube yana rage kashe kuɗi sosai. A saita manhajoji kada su sabunta kansu sai an samu Wi-Fi, a kuma hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyon zauruka kai tsaye, domin su ne ke cinye data su cika ma'adana ba tare da mai na'ura ya ankara ba.

Batir da zafin rana

Babban abokin gabar batirin waɗannan na'urori shi ne zafi. Apple ya bayyana cewa an ƙera iPad ne domin aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato kan haura 40. Barin ta a cikin mota a rufe, ko yin caji tana ƙarƙashin matashi, yana rage kwanan batir, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa.

An fi so cajin ya riƙa zama tsakanin kashi 20 zuwa 80, kuma wasu sababbin na'urori suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika. Caja ta jabu tana da arha, amma arha ba ta ado, musamman inda wutar lantarki ke hawa da sauka ko ake dogaro da janareta. Murfi mai kauri da gilashin kariya kuwa sun fi sauƙi a kan kuɗin canza fuskar da ta fashe.

Tsaron bayanai

Na'urar da ke ɗauke da manhajar banki ko takardun aiki bai kamata ta zauna babu kulle ba. A sa lambar sirri ko zanen yatsa, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan a kunna tsarin neman na'ura na Google ko na Apple, wanda ke ba da damar kulle ta ko goge ta daga nesa idan an sace. A guji sauke manhaja daga wani wuri da ba Play Store ko App Store ba.

Ma'aikatan da ke riƙe bayanan jama'a su tuna cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa hukumomi da kamfanoni alhakin tsare su, don haka ba daidai ba ne a bar irin waɗannan takardu a na'urar da kowa ke taɓawa a gida. Idan dole ne yara su yi amfani da ita, yawancin masu Android suna ba da damar buɗe musu sashe na daban, Family Link na Google da Screen Time na Apple kuma suna ƙayyade musu lokaci da abin da za su iya kallo.