Ra'ayoyin Mahalarta Game da Bukukuwa da Labaran Gasar Mutum-mutumi ta Ɗalibai a Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazarin yadda ɗalibai da malamai masu shiga gasar ƙera mutum-mutumi suke kallon bukukuwan da akan shirya musu, da kuma irin labarin da kafofin watsa labarai sukan bayar a kansu. Mun ɗauki gasar ƙungiyar FIRST ta ƙasar Amurka a matsayin misali, saboda ta daɗe ana yin ta, kuma tun farko da gangan aka gina ta a kan biki da sanarwa. Idan muka ce mutum-mutumi a nan, muna nufin na'ura mai ƙafafun taya, wadda nauyinta yakan kai kilo 50 ko fiye, mai iya ɗaukar ƙwallo ta jefa, ko ta ɗaga kaya, ko ta hau wani abu. Ba ta da siffar ɗan Adam ko kaɗan.

Za mu fara da taƙaitaccen tarihin gasar, sa'an nan mu duba bukukuwan, mu duba labaran, daga ƙarshe mu faɗi abin da muka fahimta.

2.0 Asalin Gasar

Wani mai ƙirƙire-ƙirƙire da ake kira Dean Kamen ne ya kafa ƙungiyar FIRST a shekarar 1989, ya kuma sami taimakon Farfesa Woodie Flowers na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts wajen tsara gasar. An yi ta farko a 1992 a ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare a garin Manchester ta Jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28 kacal. Daga 1995 zuwa 2002 an riƙa yin gasar ƙarshe a Epcot, watau wani sashe na wurin shaƙatawar Disney a Jihar Florida. Bayan shekara guda a Houston, sai ta koma Atlanta daga 2004 zuwa 2010, daga nan kuma St. Louis a 2011. A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin sakandare wajen 600 ne suka riƙa haɗuwa a Houston a watan Afrilu.

Hujjar Kamen ita ce, al'umma tana samun abin da take girmamawa. Idan 'yan wasa da mawaƙa kaɗai yara suke gani ana yi wa tafi, to, su za su so su zama. Don haka ya aro kayan bikin wasanni duka, da fitilu da kiɗa da mai sanarwa da kofi, ya ɗora su a kan aikin injiniya. Shi kansa sunan ƙungiyar farkon haruffan wasu kalmomi ne na Ingilishi waɗanda ma'anarsu ita ce zaburarwa da karramawa a fagen kimiyya da fasaha. Ya kamata mu riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin karramawa tana fuskantar ɗalibin da yake cikin zauren, zaburarwa kuwa galibi tana fuskantar wanda yake waje bai shigo ba tukuna. Kusan duk saɓanin da za mu ambata daga nan ya taso.

3.0 Bukukuwa

Kafin mu fahimci ra'ayin ɗalibi, sai mun san halin da yake ciki ranar bikin rufewa. A farkon watan Janairu ake bayyana wasan shekara. Har zuwa 2019 doka ta ba ƙungiyoyi mako shida kawai su ƙera na'urarsu, sa'an nan su rufe ta cikin jaka. Wasa guda kuwa, a mafi yawan shekarun baya-bayan nan, minti biyu da rabi ne, ƙungiyoyi uku suna karawa da uku. Ana raba mahalarta rukuni-rukuni masu ɗauke da sunayen masana, irin su Newton da Galileo da Curie, zakarun rukunan kuma su haɗu a fili na ƙarshe da ake kira Einstein. Ke nan ɗalibin da ya zauna kallon wannan fili ya shafe watanni yana aiki, ya kuma yi kwanaki yana tsaye a wurin gyaran na'ura, ga gajiya, ga ɗokin ya ga wanda zai ci.

A daidai wannan lokaci ne masu shirya biki suke da taro mafi girma a gabansu, saboda haka a nan suke sanya jawaban shugabanni da na kamfanonin da suka ba da kuɗi. Sai ya zama ana yin wasan minti biyu da rabi, a bi shi da jawabi mai tsawo, kafin a koma wasa. Wannan shi ne kukan da mahalarta suka fi maimaitawa. Kamen kansa ya shahara da dogon jawabi, kuma yakan ƙare da ba mahalarta aikin gida na yaɗa labarin gasar. Tsofaffin hannu sukan yi wa abin dariya, sababbin zuwa kuwa sau da yawa jawabin yakan ratsa su. Wasu malamai kuma sukan tuna wa ɗalibansu cewa wanda ya biya kuɗin zaure da fitilu yana da haƙƙin a saurare shi.

Abin lura shi ne, ba a cika jin wannan kuka a kan sashen ba da lambobin yabo ba. Lambar da ta fi kowace daraja, wadda ake kira ta Shugaba har zuwa 2022 kafin a sake mata suna zuwa lambar Tasiri, ana bayar da ita ne ga ƙungiyar da ta fi yi wa al'ummarta hidima, ko da na'urarta ba ta ci wasa ba. Idan aka zo karanta ta, zaure yakan yi tsit, sa'an nan ya ɓarke da tafi. Ashe ɗalibai suna iya zama su saurari magana, muddin maganar ta shafi aikinsu.

Wurin biki ma ya jawo magana. A 2015 aka sanar da cewa daga 2017 za a raba gasar ƙarshe gida biyu, don ƙungiyoyi da yawa su sami halarta. An yi ta a Houston da St. Louis a 2017, sai Houston da Detroit a 2018 da 2019. Masu goyon baya suka ce yara da yawa za su ga abin da idonsu. Masu adawa suka ce gasar da ta fitar da zakaru biyu ta rage darajar kofin. A Houston kuma aka kai wasan ƙarshe filin wasan besbol na Minute Maid, inda wurin ya yi kyau a hoto, amma masu kallo da dama suka yi nisa da fili har sai a majigi suke ganin na'urorin. Annobar korona ta hana taron a 2020 da 2021, da aka dawo a 2022 sai aka koma ga gasa guda a Houston.

4.0 Kafofin Watsa Labarai

Tun da daɗewa mahalarta suke ƙorafin cewa duniya ba ta san da su ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi shekaru tana watsa gasar, daga baya kuma aka riƙa watsa ta kai tsaye ta intanet, to amma yawanci iyaye da abokai da tsofaffin ɗalibai ne suke kallo.

Babban yunƙurin fita daga wannan da'ira shi ne na 2011. A wannan shekara mawaƙi will.i.am da ƙungiyarsa ta Black Eyed Peas suka yi wasa a gasar St. Louis, a watan Agusta kuma gidan talabijin na ABC ya nuna shiri na sa'a guda a kan abin. Ra'ayin mahalarta ya rabu. Wasu sun yi murna, domin a karo na farko maƙwabta da 'yan ajinsu sun ga abin da suke yi a babban gidan talabijin. Wasu kuwa suka ga cewa kiɗa da fuskokin taurari sun cinye lokacin, na'urori da masu ƙera su suka zama kamar kayan ado. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. An shirya shirin ne don yaron da bai taɓa jin labarin gasar ba, shi kuwa ɗalibin da ya ƙera na'ura ya zauna yana jiran ya ga kansa.

Misali na biyu ya fito daga wata gasa ta daban da Kamen ya kafa don ƙasashen duniya, wadda aka fara a Washington a watan Yuli na 2017, da ƙungiyoyi daga ƙasashe fiye da 150. Labaran da suka zagaya duniya su ne na 'yan matan Afganistan da aka hana biza kafin daga baya a bar su su shiga, da na ɗaliban Gambiya da suka gamu da irin wannan matsala, da na matasa shida na Burundi da suka ɓace bayan an tashi. Wasan kansa, wanda aka gina a kan matsalar tsabtace ruwan sha, kaɗan ne suka ji labarinsa. Ɗan jarida yana bin abin da ya shafi mutum da siyasa, domin shi mai karatu yake ganewa nan da nan. Bayanin yadda hannun na'ura yake rarrabe ƙwallo kuwa yana bukatar haƙuri da sani.

Akwai kuma abin da ya faru a 2012, wanda ya nuna mana abin da mahalarta suka fi damuwa da shi. A wasan ƙarshe na wannan shekara na'urori da dama sun daina amsa umarni a kan filin Einstein. Ƙungiyar ta gayyaci waɗanda abin ya shafa, aka yi gwaje-gwaje, aka buga rahoto a watan Yuli, wanda ya nuna dalilai daban-daban, har da katsalandan da wani ya yi wa hanyar sadarwa da gangan. Mahalarta sun karanta wannan rahoto da natsuwa, sun daɗe suna tattauna shi, domin ya ɗauki aikinsu da muhimmanci.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa mahalarta suna son biki, suna kuma son a ba da labarinsu. Inda rai yake ɓaci shi ne inda ɗalibi ya ji an mai da shi ɗan kallo a bikin da ake cewa nasa ne. A ganinmu masu shirya irin wannan gasa, ko a ina take, za su amfana da abubuwa uku. Na farko, a ware lokacin jawabai daga lokacin wasan ƙarshe, ko kuma a taƙaita su. Na biyu, a zaɓi wurin da mai kallo zai ga fili da idonsa. Na uku, a ba ɗalibai dama su yi wa 'yan jarida bayanin na'urarsu da bakinsu, domin yaron da yake gida zai fi saurin yarda cewa zai iya idan ya ji daga bakin sa'ansa. Ta wannan hanya karramawa da zaburarwa za su tafi tare.

Saura tambaya guda da muke bar wa wannan taro: mene ne iyakar haƙƙin mai ba da kuɗi a kan lokacin ɗalibai? Muna fatan masu sauraro za su tofa albarkacin bakinsu a kanta.