Mai Unguwa da Kansila: Ƙofar Wa Za Mu Ƙwanƙwasa?

Sau da yawa idan aka ce gwamnati, sai hankalinmu ya tafi Abuja. Alhali kuwa wadda ta fi kusa da ƙofar gidanmu ita ce ƙaramar hukuma. Bari mu ɗauki misalin Soron Ɗinki, tsohuwar unguwa a cikin birnin Kano, wadda take Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye.

Mutumin wannan unguwa yana da hanya biyu ta kai kukansa. Ta farko ita ce ta sarauta. Mai unguwa ya san kowane gida da mai shi, shi ne yake sasanta maƙwabta, yana shaidar mutum idan ana neman wanda ya san shi. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya wuce gaban hakimi, har fadar Sarki. A zamanin En'e, haraji da 'yan doka da kotun alƙali duk suna ƙarƙashin masarauta.

Ta biyu ita ce ta zaɓe. Gyaran 1976 shi ya mai da ƙananan hukumomi mataki na uku na mulki a Nijeriya. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa guda 774, Jihar Kano tana da 44. Kowace mazaɓa takan zaɓi kansila ɗaya, jama'a duka kuma su zaɓi ciyaman. Kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara suna cikin aikinsu, suna kuma da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo.

To, a ce kwata ta toshe ga damina ta ƙarato. Mai unguwa zai iya tara matasa a yi aikin gayya. Amma kuɗin gina sabuwa yana wajen majalisa, kansila ne zai kai maganar. Idan muka yi shiru, gidajen ƙasa ne za su rushe, kwalara kuma ta shigo.

Saboda haka, ɗalibai, da zarar kun cika shekara 18 ku yanki katin zaɓe. Ku san sunan kansilanku, ku je taron unguwa, ku tambaya cikin ladabi ina kuɗin ya tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.