Kayan Lambu da Hanyoyin Adana Su a Damina Mai Yawan Ruwa

Bahaushe ya kan ce damina uwar albarka, amma kowane manomi ya san ruwa in ya wuce kima ɓarna ya ke yi. An ga haka a 2012 da 2022, sa'ad da ambaliya ta cinye gonaki a jihohi da yawa na Nijeriya. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda yawan ruwa ke taɓa kayan miya, da kuma kalmomin da Hausa ta tanada game da adana su.

Da fari sai mu duba wurin shuka. Fadama ita ce ƙasar kwari mai riƙe ruwa, jigawa kuwa tudu ce mai rairayi. A fadama a ke lambun rani. To, in marka ta kama, watau ruwan watan Agusta wanda ya kan yini bai ɗauke ba, sai fadama ta cika, saiwa ta rasa iska, ta ruɓe. Saboda haka a kan koma tudu, a ɗaga kunya, a yanka wa ruwa hanya. Kuɓewa da yakuwa da rama da lalo su kan yi kyau da damina. Tumatir kuwa ba ya son laima, gama ita ke haifar da cututtukan ganye. Wannan na cikin dalilan tsadarsa a lokacin. Mangwaron da ya kai farkon damina shi ma ya kan yi tsutsa.

Babbar hanyarmu ta adana kaya ita ce rana. A nan akwai kalmomi uku da ya kamata a rarrabe. Shanya ita ce baza abu a rana. Bushewa ita ce abin da ke samun kayan. Busarwa kuwa ita ce sa abu ya bushe, ko da rana, ko da iska, ko da wuta. Ashe ke nan a na iya yin shanya ba a sami bushewa ba, kuma matsalar marka ke nan. Ruwan da ke jikin tumatir ya fi kashi 90 cikin 100. In aka yanka shi don a yi kauɗa, hadari ya rufe rana kwana biyu, sai ya yi fumfuna. Haka ya ke ga kuɓewa, da gabu, watau busasshen ganyen albasa. Abin yi shi ne a yanka siriri, a ɗaga tabarma daga ƙasa, a shigar da ita ɗaki kafin raɓa ta sauka, in kuwa rana ta ƙi, a busar kusa da murhu.

Kada a ɗauki fumfuna abin wasa. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Burazil. Da aka bincika sai aka gano dafin da a ke kira afalatoksin, wanda wata irin fumfuna ke fitarwa. Ya kan shiga gyaɗa da masara da barkono, ya na lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kawar da shi. Barkonon da ya yi fumfuna zubarwa a ke yi.

Akwai hanyar da ba ta jiran rana, wadda Turawa su ka daɗe su na bi da 'ya'yan itatuwa. A kan auna sukari daidai nauyin mangwaro ko gwaiba, a matsa lemon tsami, a dafa har ya yi kauri, a ɗura da zafinsa cikin kwalbar da aka tafasa, a rufe gam. Shi ne jam. Sukari ya kan tsare ruwan da ƙwayoyin ruɓewa ke bukata, tsami kuma ya hana su yaɗuwa. Markaɗen tumatir ma a kan ɗura shi da lemon tsami, a sake tafasa kwalbar a rufe. Amma kuɓewa da kabewa ba su da tsami, tafasawar gida ba ta isar musu, don haka busarwa ce tasu.

Miyar bazara da damina a ke tanadinta. Shi ya sa magabata su ka ce don tuwon gobe a ke wanke tukunya.