Sanyin Kurmi Ba Irin Na Gida Ba Ne: A Shanya A Igiya Ko A Sayi Inji?

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san lokacin sanyi shi ne lokacin da wanki ya fi saurin bushewa. Mace takan shanya zane da hantsi cikin hunturu, kafin a kira Azahar ya bushe ƙayau, har ya yi tauri. Saboda haka ɗan Arewa yakan sauko Kurmi da wannan sani a kansa, sa'an nan damina ta same shi a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, ya ga riga ta kwana biyu a kan igiya ba ta bushe ba, ga wani wari da take yi kamar ba a taɓa sa mata sabulu ba. Daga nan ne wasu da Allah ya hore wa suke fara tambayar kuɗin injin busar da tufafi, irin wanda Turawa ke aiki da shi in sanyinsu ya shigo.

To, kafin mutum ya kai kuɗinsa kasuwar Alaba, ya kamata ya san abin da ke busar da wanki tukuna.

Yawancinmu mun ɗauka zafi ne. Zafi yana taimako, amma ba shi ne uban tafiyar ba. Iska ce take kwashe ruwan da ke jikin tufa, ita kuwa iska tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kamar soso. A misalta akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, tsayi mita ɗaya, cike da iska. In zafin iskar ya kai digiri 30, tana iya riƙe ruwa kimanin giram 30. In ya sauka zuwa digiri 5, ba ta riƙe fiye da giram 7. Abin tambaya kullum shi ne, nawa ta riga ta sha, nawa ya rage mata?

Iskar hunturu daga Hamada take tasowa, da ƙishirwarta take isowa. A Kano cikin Janairu laimar iska da rana takan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, watau soson kusan a bushe yake. Shi ya sa take tsotse wanki nan da nan, kamar yadda take tsotse leɓe da diddige har su tsage. Legas kuwa watanninta mafi sanyi su ne Yuli da Agusta, kuma iskar da ke kaɗawa a lokacin daga teku take, laimarta takan wuce kashi 80 cikin ɗari. Soso ne da ya riga ya jiƙe. Ko a ɗan hutun nan da ruwa yakan yi wajen Agusta, lokacin da ake marka a gida, sama takan kasance a lulluɓe da gajimare. Mutanen Fatakwal da Kalaba ma sun fi shan wuya, don ruwansu ya fi na Legas yawa.

Watau dai sanyi biyu ne masu suna ɗaya. Na gida busasshe ne, na nan jiƙaƙƙe. Na nan ya fi kama da na Ingila, inda a watan Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, iska ga sanyi ga laima. Can ƙasashen da ruwa ke daskarewa kuwa, akwai abin mamaki: in sanyi ya tsananta amma iska a bushe take, rigar da aka shanya takan sandare kamar katako, sa'an nan ƙanƙarar ta bi iska a hankali ba tare da ta narke ba, rigar ta bushe. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ba zafi ne sharaɗi ba.

Yadda injin yake, da abin da yake ci

Injin busar da tufafi ganga ce mai juyawa, da waya mai zafi irin ta dutsen guga, da fanka mai hura iskar zafin ta ratsa kayan. Ba wani sirri. Sai dai mayar da ruwa tururi aiki ne mai cin wuta ƙwarai: kowace lita ɗaya tana bukatar kimanin kashi biyu cikin uku na yunit ɗin lantarki, ban da abin da ke lalacewa a banza. Saboda haka injin da aka cika shi da kaya yakan ci yunit 4 zuwa 5 kafin ya gama. Akwai sabon samfuri mai aiki irin na firiji, wanda yake tatse ruwan daga iska ya sake juya zafin, yana cin kusan rabin haka, amma kuɗin sayensa ya fi yawa.

Su kansu Turawan da suka saba da shi sun ji a jikinsu. A shekarar 2022, da kuɗin makamashi ya tashi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, yunit ɗaya ya kai wajen fene 34 a Ingila cikin watan Oktoba, duk da tallafin da gwamnati ta sa. Gidaje da yawa suka kashe injin suka koma igiya cikin tsakiyar sanyi, suna bin wata ƙa'ida ta tsofaffinsu: a dubi daɓen tsakar gida, in a bushe yake, wanki zai sha iska, in a jiƙe yake tun safe bai bushe ba, kada a wahalar da kai. Ƙa'ida ce da za ta yi aiki a Mushin kamar yadda take yi a Manchesta.

Mu dawo gida mu yi lissafi. A watan Afrilu 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin yunit ɗaya N225 ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. An ɗan rage, daga baya ya tsaya N209.50 a watan Yuli na shekarar. A kan wannan farashi, busarwa ɗaya ta tashi N840 zuwa N1,050. Mai iyali da ke wanki sau uku a mako, sai ya ga fiye da N10,000 ta tafi a wata, a kan aikin da iska ke yi kyauta. Wanda ba ya rukunin A kuwa, kuɗinsa da sauƙi, amma ina wutar? Kada kuma ya sa rai da ƙaramin janareton nan na ƙofar shago. Injin yana jan wat 2,000 ko fiye, shi kuwa ɗan janareton bai kai 1,000 ba. A gidan haya mai ɗaki na kallon ɗaki, inda mita ɗaya ce ake raba kuɗinta, ranar da ka kunna shi ranar za a kai ƙararka wurin mai gida, kuma da gaskiyarsu.

Ban da kuɗi akwai haɗari. Burbushin auduga yana taruwa a cikin injin, in ya taɓa wayar zafi sai ya kama. A watan Agusta 2016 wani inji irin wannan ya jawo gobara a wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush ta Landan, kuma a 2019 kamfanin Whirlpool ya janye dubban ɗaruruwan injuna masu sunan Hotpoint da Indesit da Creda waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2015. Tun da yake yawancin abin da talaka ke iya saye a nan na hannu ne daga Turai, mai saye ya dubi suna da shekara. Kuma kowane iri ne, a share matacinsa bayan kowane aiki, kada a kunna shi a tafi barci.

Sa'an nan tufafinmu ba don shi aka ɗinka su ba. Zafinsa yana sa auduga ta ɗage, yana kashe ƙyallin shadda, yana yamutsa aikin wuyan babbar riga. Hula kuwa, kada ma a fara.

Amma barin kaya da laima ba wasa ba ne

Kada mai karatu ya ce to shi ke nan, a bar su a igiya har ran da Allah ya kawo rana. Wanki in ya daɗe bai bushe ba, ƙwayoyin cuta ne suke hayayyafa a cikin zaren, su ne masu warin nan. Masu bincike a Japan sun nuna a 2012 cewa wata ƙwaya guda ce ta fi yin wannan aiki, kuma wanki na yau da kullum ba ya raba ta da tufa. Turare ba ya maganinsa, sai dai ya haɗu da shi su zama wari biyu. Ruwan zafi da guga su ne magani.

Shanya a cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga ta fi muni. Wanki ɗaya yana sakin ruwa kamar lita biyu, ruwan nan kuwa ba inda za shi sai bango da katifa da bayan akwati. Daga nan fumfuna, daga fumfuna sai tari da toshewar ƙirji, musamman ga yara da masu asma. A ɗakin da mutum biyar ko shida suke kwana, kamar yadda 'yan'uwanmu 'yan ci-rani da yawa suke zaune, abin ya fi tsanani.

Akwai kuma wani ƙuda da likitoci ke kira tumbu, wanda ya fi yawa a wurare masu laima, musamman da damina. Macen takan zuba ƙwai ɗari ko fiye a ƙasa mai fitsari ko kashi, ko kuwa a kan tufa mai danshi da aka shanya a inuwa. Cikin kwana uku sun ƙyanƙyashe. Tsutsar takan jira har a sa rigar, ta huda fata ta shige. Sai a ga ƙurji kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya, yaro yana kuka yana cewa wani abu na motsi. Bayan kwana takwas zuwa goma sha biyu ta girma ta faɗo. Akan toshe ramin da man basilin don ta rasa numfashi ta leƙo, amma mafi kyau a kai yaro asibiti, kada a tsaga da reza. Al'adarmu ta shanya a ƙasa ko a kan ciyawa da shinge, wadda ba ta cika yin illa a ranar Arewa ba, a nan ita ce babbar ƙofar wannan ƙuda. Ƙudan ba ya son rana tsaka. Dutsen guga kuwa yana kashe ƙwan da tsutsar gaba ɗaya.

Abin da ya fi, a ganina, shi ne mutum ya taimaki iska maimakon ya sayi zafi. A matse kaya sosai, don ruwan da aka matse da hannu ba sai an jira iska ta ɗauke shi ba. Kaya masu kauri a naɗe su cikin busasshen tawul a murɗe. A yi wanki da sassafe, kaɗan kaɗan, kada a tara na mako biyu. A ɗaura igiya a ƙarƙashin rumfa ko baranda inda iska ke ratsawa, a bar tazara tsakanin riga da riga, kaftani a rataye shi a buɗe maimakon a ninka shi biyu a kan igiya. A kwashe kafin Magariba, domin laimar dare tana mayar da aiki baya. In dole sai an shiga ɗaki, a buɗe taga a sa fanka ta fuskanci kayan. Fanka mai wat 60 ko ta yi awa goma tana juyi ba ta ci yunit ɗaya ba, watau abin da bai kai N130 ba a farashin da muka ambata. Bargo da zanen gado masu nauyi, waɗannan kam a wanke a gida a kai shagon wanki na zamani a biya kuɗin busarwa kawai. Sau biyu ko uku a damina ya isa.

Wanda lissafin inji zai iya fitar da shi, shi ne mai sana'ar wanki da guga, kuma 'yan'uwanmu da yawa a Legas da ita suke ci da iyalinsu. Shi ba ya iya ce wa Alhaji kaftanin Juma'a bai bushe ba saboda an kwana uku ana ruwa. Sau biyu ya faɗi haka, an sauya shi. In yana da wuta tsayayya da masu kawo kaya da yawa, ko kuwa su uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi ɗaya, injin zai riƙe masa mutanensa daga Yuni zuwa Oktoba, ya sa kuɗin wutar a cikin ladan wanki. Ko shi ɗin ma, tawul da zanen gado da kayan aiki zai zuba a ciki. Shadda da yadi masu tsada ya karɓe su tun Litinin ko Talata, su sha iska a rumfa, ya goge su da sauran ɗan danshi, wanda dama shi guga ta fi so. Kayan yara da na ciki, waɗanda aka saba ninkewa ba guga, su ma a bi su da dutse ciki da waje, a danna sosai a kan ɗinki da ƙugu, don nan ne ƙwan yake maƙalewa.