Kwanan Waje a Lokacin Hunturu

Shirinmu na yau na mutanen da dare ke riska a waje ne: maigadin kasuwa, direban tirela da yaronsa, makiyayi a bakin garke, almajiri a ƙofar shago.

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan buso daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Iska ce busasshiya, don haka zafin da ƙasa ta sha da rana ba ya kwana. A Jos awon zafi kan sauka ƙasa da digiri 10, a duwatsun Abzin na Nijar kuwa har ruwa kan daskare. Ɗarin ya fi cizo gab da kiran assalatu.

Kowa bargo yake nema, amma ɓarawon yana ƙasa. Siminti da dandaryar ƙasa suna zuƙe ɗumin jiki tun daga kwanciya har asuba, tabarmar roba kuma ba ta tare komai. Ku lura da tsohon maigadi: sai ya ware kwali, ya ninka biyu ko uku, ya ɗora buhu, sannan ya shimfiɗa tabarma. In ya samu benci, ya haye abinsa. Kuma ba ya kwanciya a sarari, jikin bango yake raɓewa ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Wanda ke daji, busasshiyar ciyawa a cikin buhu ta ishe shi.

Riguna biyu ko uku marasa matsewa sun fi guda mai kauri. A sa hula da safa, a ci tuwo ko a sha kunu mai zafi. Wanda ya yi alwala ya goge ƙafarsa ta bushe, don danshi ne ke ba sanyi ƙofa.

Sai batun wuta. Jin ɗumi a fili ba laifi, muddin an kashe kafin barci. Amma shigar da kaskon gawayi cikin shago ko mota a rufe ƙofa ganganci ne. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum kan wuce cikin barci bai ko motsa ba.

Ɗumin jikin mai lafiya digiri 37 ne, in ya gaza 35 an shiga haɗari. Idan kun ga mutum yana makyarkyata, harshensa ya yi nauyi, maganarsa ta rikice, kada ku ce ya bugu ne. Ku shigar da shi ɗaki, ku lulluɓe shi, in yana iya haɗiya ku ba shi shayi mai ɗumi, sannan a garzaya asibiti.

Masu shaguna, don Allah ku daina ƙona kwalaye, ku ajiye wa masu kwanan waje. Mai zaure kuma, a taimaka a buɗe shi daren nan.