Sarautar da Teku Ta Haifa: Wa Ya Sha Wahala, Wa Ya Sha Rawani a Fotugal?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau Fotugal za mu je, shekaru fiye da 500 baya, zamanin da jiragen ruwansu ke kewaya Afirka suna neman hanyar Indiya. A makaranta an ba mu sunayen matuƙan da shekarun tafiyarsu. Ni tambayata ita ce: da suka dawo gida, da me sarki ya biya su? Sau da yawa da sarauta. Kuma idan ka bi yadda aka raba sarautun nan, za ka ga jini da kuɗi da iya ciniki sun fi wahala tasiri.

Bari mu fara da tsarin. Bayan sarki, babbar sarauta ita ce duque, sai marquês, sai conde, sai visconde, sai barão. Akwai kuma kalmar Dom da ake sa wa gaban suna, wadda ba kowa ke da izinin ɗauka ba. Sarauta a lokacin ba suna kawai ba ce fa. Tana zuwa da gari, da harajin garin, da ikon shari'a a kan mutanensa, kuma 'ya'ya su gada.

A 1415 Fotugal ta ci birnin Ceuta da ke gaɓar Maroko. Bayan yaƙin, Sarki João na ɗaya ya naɗa 'ya'yansa biyu: Pedro ya zama duque na Coimbra, Henrique ya zama duque na Viseu. Wannan Henrique shi ne wanda ya riƙa tura jirage gaɓar Afirka ta Yamma. Kun ga tun farko babban rawani a cikin gida ya tsaya.

To, ga wanda ya shafe mu kai tsaye. A 1469 Sarki Afonso na biyar ya ba wani ɗan kasuwar Lisbon mai suna Fernão Gomes kwangilar cinikin gaɓar Gini ta shekara biyar. Sharaɗin shi ne ya riƙa biyan fada kuɗi duk shekara, kuma jiragensa su ƙara nausawa fiye da kilomita 500 na sabuwar gaɓa kowace shekara. A 1471 matuƙansa suka isa inda ake cinikin zinariya a ƙasar Gana ta yau, suka kira wurin Mina, wato mahaƙa. A 1474 sarki ya ɗaga darajar Gomes, ya ƙara masa suna "da Mina", ya ba shi tambarin gida irin na masu sarauta. Kun san me aka zana a tambarin? Kawunan baƙaƙen fata uku, da zinariya a kunne da hanci da wuya. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Kanmu ne aka mayar ado a ƙofar gidan wani. A 1482 aka gina ganuwar Elmina a wurin, wadda daga baya ta zama kurkukun bayi, kuma har yau tana nan. Shi ma Sarki João na biyu ya ƙara wa kansa laƙabin Ubangidan Gini.

Yanzu Vasco da Gama. Ya bar Lisbon a watan Yulin 1497, ya isa Calicut a Indiya a watan Mayun 1498, ya dawo a 1499. Fiye da rabin mutanensa ba su dawo ba, har da ɗan uwansa Paulo. Sarki Manuel na ɗaya ya ba shi Dom, ya naɗa shi shugaban rundunar tekun Indiya, ya kuma yi masa alkawarin garin Sines, mahaifarsa. Matsalar ita ce garin na hannun ƙungiyar mayaƙan addini ta Santiago, shugabanta kuma ɗan marigayi Sarki João na biyu ne. Ya ce atafau ba zai saki ba. Ƙarshenta a 1507 Gama ne ma aka umarta ya bar garin.

Shekara ashirin yana jira. Me ya sauya lamarin? Wani soja kuma matuƙi mai suna Magellan ya roƙi Sarki Manuel ɗan ƙarin alawus, aka hana shi. Ya yi fushi ya koma Sifaniya a 1517, abokiyar gasar Fotugal, can aka ba shi jirage. A 1518 Gama ya nuna shi ma zai iya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Nan fada ta farka. Ya sayi garin Vidigueira daga hannun duque na Braganza, a watan Disamban 1519 sarki ya naɗa shi conde na Vidigueira. Kun gane? Gano hanyar Indiya bai isa ba, sai da ya haɗa da barazana da kuɗinsa. Shekara biyar kacal ya yi da rawanin, ya rasu a Cochin a 1524 yana wakilin sarki a Indiya.

Akwai abin da takardar naɗin ba ta faɗa ba. A tafiyarsa ta biyu a 1502, Gama ya tare wani jirgi mai suna Miri ɗauke da musulmi masu dawowa daga Makka. Ya kwashe dukiyarsu, ya sa aka cinna wa jirgin wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, har mata da yara. Wannan bai hana shi sarauta ba ko kaɗan.

Sauran kuwa? Bartolomeu Dias, wanda ya fara zagaya kudancin Afirka a 1488 ya buɗe wa Gama hanya, bai zama conde ba. Guguwa ta nutsar da jirginsa a 1500 kusa da wurin da ya gano. Afonso de Albuquerque ya ci wa sarki Goa a 1510 da Malaka a 1511, amma a 1515 ya rasu a cikin jirgi kusa da Goa bayan ya ji an sauke shi an naɗa abokin adawarsa. Talakawan matuƙa da ciwon rashin abinci mai kyau ya zubar wa haƙora kuwa, yawancinsu ko sunansu ba a ambata.

Dalilin da ya sa sarki ke son biya da sarauta a fili yake. Ta fi zinariya araha a wurinsa, tana ɗaure mutum da zuriyarsa ga fada, kuma muddin ana jan ta, mai jira ba ya ɗaga murya. A 1910 Fotugal ta kifar da sarautar ta zama jamhuriya, laƙaban suka rasa matsayi a doka.

Abin da nake so mu ɗauka, mu da muke tasowa muna ganin ana tafa wa masu lambobin yabo, shi ne ɗabi'ar tambaya. Idan ka ji babban laƙabi, ka tambayi wa ya bayar, don me, kuma wa ya biya kuɗinsa da ransa. A labarin Gomes da Gama, masu biyan su ne mutanen Mina da fasinjojin Miri.

Ku faɗa min ra'ayinku: mutumin da ya ƙona jirgin alhazai, ya dace a ci gaba da koyar da shi a matsayin gwarzo ba tare da an faɗi wannan ɓangaren ba? Ku tura wa wani ya karanta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.