Yadda Ake Samun Sahihin Kwafin Takardar Haihuwa

Tun daga shekarar 1992, sa'ad da aka kafa doka mai lamba 69 wadda ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya, alhakin bayar da takardar shaidar haihuwa ya rataya ne a wuyan Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, saboda haka 'yar takardar da ake miƙa wa maijego a asibiti ba ta wadatarwa a matsayin hujja.

Wanda tasa ta salwanta, ko gara ta ci, ko kuwa wata ma'aikata ta nemi ingantaccen kwafi, sai ya nufi ofishin hukumar a jihar da aka yi masa rajista, ya rubuta buƙatarsa, ya ambaci cikakken sunansa da na mahaifansa da ranar haihuwarsa da wurinta, ya biya abin da aka ƙayyade ya karɓi rasit. Idan ma'aikaci ya buɗe kundi ya tarar bayanan sun dace, sai ya buga hatimi ya sa hannu.

Amma baligin da ba a taɓa yi masa rajista ba, hukuncinsa daban ne, domin lalle ya fara yin rantsuwar shekaru a kotu, sannan ya kai ta ga hukumar tare da hotunansa, a ba shi wasiƙar tabbatar da haihuwa. Mai niyyar amfani da takardar a ƙasar waje kuwa, galibi sai Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Abuja ta ƙara tantance ta.

Kafin ka bar ofishin, duba harufan sunanka ɗaya bayan ɗaya, gama saɓani tsakanin Muhammadu da Muhammad yana iya hana mutum fasfo.